Gafakar Manu Ladan

Matso nan, Nana, tunda kin tambayi gafakag ga da kinka gani ƙarƙashin gadona. Ta kakanki ce. Manu Ladan mutanen Gummi ka ce mishi, ni ko Malam nika cewa har yab bar duniya.

Awon hatsi shika yi a kasuwa, kuma shekara ashirin da shida shi ka kiran salla masallacin unguwarmu. Mutum ne mai tambaya. Ya ji Alƙur'ani ya ambaci Hawariyawa, almajiran Annabi Isa alaihissalam, sai abin yat tsaya mishi a rai: bayan an ɗauke Annabi Isa, ina sunka tahi? Wa yak karɓe su, wa yak kore su? Akwai wani tsoho Badakkare, Kirista, da ka kawo dawa daga Zuru. Malam na awo shina tambaya tai. Tsohon yac ce wani Masar yay yi, wani Rum, wani har ƙasar Hindu. Malam ya dawo gida ya rubuta da ajami, ya tura cikin gafaka.

In ce mishi, "Malam, mutanen da ko ƙasusuwansu babu, mi za su ƙara ma?"

Ya ce, "Maiturare, ke da kin san kakannin kowa garin ga har bakwai, ke ka hana ni?"

To, boko ne bai iya ba, sai abokinai Surajo, malamin firamare. Shi ka samo littattafan Turanci, bayan la'asar su zauna zaure, Surajo na juyawa da Hausa, Malam na rubutu. Shekara tara ina gasa musu hoce. Surajo ko miya ta yi gishiri sai ya leƙo ya ce, "Inna, yau kin yi hushi da mu?"

Bayan gubar dalma da tak kashe yara da kamar shekara ukku, gari ya cika da tsoro, kowa na zargin kowa. Sai magana tat tashi wai ladan ya bar hanya, wai da Kiristoci shika zama. Liman yat tara dattawa ƙohwar masallaci. Katangarmu ɗaya da wurin, da kunnena nij ji.

Malam yac ce, "Tarihi nika biɗa, sallata na nan inda kunka san ta. Ga Malam Surajo, babu takardar da ba tare munka yi ta ba. Ku tambaye shi."

Surajo yac ce, "Ni gaisuwa kaɗai ka haɗa mu."

Liman yas sake tambaya. Surajo yac ce bai san wata gafaka ba. Anka yi ta ukku, yar rantse.

Ran nan anka ba wani lasifika. Malam bai bar jam'i ba, amma sahun baya yak koma. Da asuba in ji ya gyara murya kamar zai kira, sai ya yi shiru.

Ni dai na yi ta zagi. Shi ko yac ce in yi haƙuri. Wai a littahin Kiristocin an ce babban almajirin Annabi Isa, wani masunci, haka yay yi don tsoro, sau ukku yac ce bai san malaminai ba, daga baya yay yi kuka yad dawo. "Surajo da bakinai yak karanta min wurin. Ya san ƙarshen labarin. Zai zo."

Nana, shekara huɗu. Kullum la'asar tabarma biyu shika shimfiɗawa a zaure, ni ko hoce na mutum biyu. Kaji ka cinye rabon Surajo. Gidansu ga shi nan bayan rijiya, in zai makaranta sai ya zagaya ta wata hanya. Har ciwon ajali, ko an taɓa ƙyaure sai Malam ya ce, "Dubi wa ne."

Ran sadakar bakwai ta Malam sai ga Surajo bisa mashin, da farar riga. Yad durƙusa bakin ɗakina yay yi gaisuwa. Bai ko tashi ba yac ce, "Inna, karatu nika ƙarawa Sakkwato, a kan tarihin Hawariyawan ga aka son in yi rubutu. Gafakar marigayi nika son ki ara min."

Nic ce, "Wace gafaka?"

"Haba Inna, wadda muka zama da ita zaure."

"Kai da gaisuwa kaɗai ka haɗa ku? Ban san ta ba."

Yas sake roƙo, nis sake cewa ban san ta ba. Ina kallon idonai. Wallahi da hawaye ɗaya ya zubo, da na jawo ta na miƙa mishi, don abin da Malam zai so ke nan. Sai yad dubi agogonai, yac ce to Allah shi jiƙan rai, yat tada mashin.

Kakkaɓe ta da kyau, ki maida ta inda kinka ishe ta.