Takardunmu a Hannun Masu Ƙosai

Ranar kasuwar garin Isa na sayi ƙosai, ina tafe ina ci, sai na ga fuskar hedimastanmu tana kallona daga jikin takardar da aka naɗe min shi. Mai ya jiƙe masa hula da rabin gemu. Dariya ta kama ni har na kusa ƙwarewa. Da na warware takardar sai dariyar ta tsaya cak. Fom ɗin tantance ma'aikata ne, ga matakin albashi, ga lambar waya, ga sunan magaji da garin da yake zaune.

A yankinmu, a waɗannan shekarun, ba ƙaramin abu ba ne a san kai mai albashi ne. Mutanen daji suna da masu kai musu labari a kowace kasuwa, kuma sau da yawa wani naka suke ɗauka su kira ka a waya neman kuɗin fansa. Ni kuwa a nawa fom ɗin sunan mahaifiyata na rubuta, har da unguwarta a Tozai.

Na buga mashin sai gidan hedimasta.

"Ranka shi daɗe, ga ka nan cikin mai!" na ce, na miƙa masa.

Ya duba, ya ce, "Innalillahi! Ina kas samu wanga?"

Muka zarce shagon hoton takardu na bakin tasha, inda duk malaman makarantarmu suka yi kwafin fom ɗinsu. Ashe duk kwafin da ya fito dishi-dishi, mai shagon cikin kwali yake jefawa, in ya cika ya sayar wa mai takardar naɗi.

"To mi za ni yi da su, Malam? Shara ce!" in ji shi. Ba don hedimasta ya riƙe min hannu ba, da na ci kwalarsa.

Tsohon nan ya fi ni sanyin kai. Ya sa aka buɗe siton makaranta aka kwaso tsofaffin jaridu da littattafan da gara ta fara ci, ya ce duk mai sana'ar da ya ba mu damƙi ɗaya na takardunmu a ba shi biyu. Kafin azahar labari ya game kasuwa. Masu ƙosai da masu gyaɗa suna ɗaga takardu sama suna kiranmu, malamai suna ta guje-guje da babbar riga. Malamin Arabiyya ya tsinci kansa a naɗe da daddawa, ya yi ta salati muna yi masa dariya. Duk wanda ya ga tasa sai ya buga ihu kamar ya ci gasa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wunin nan, rabon da jinina ya yi gudu haka tun ina saurayi.

Kowa ya samu tasa ban da ni. Sai mai takardar naɗi ya tuna wani mai tsire daga Burkusuma ya sayi ɗauri guda da safe.

"Za ni can," na ce wa hedimasta, ban ma jira amsarsa ba.

Hanyar da nake tsoron bi, ranar ko ramukanta ban ji ba. Da la'asar na samu mutumin a gindin tukubarsa, na zube ina tona takardunsa har na ga hotona. Na yi kabbara, mutane suka waigo. Sannan na lura rabi ce. Don tattali, kowace takarda biyu yake yaga ta, kuma rabin ƙasa mai sunan Inna ya riga ya tafi da tsiren wani.

"Wa kas saida ma?" na tambaye shi.

"Haba Malam, mutane har daga Nijar suka zuwa, wa za ni riƙewa?"

Daga nan Tozai na wuce. Na tarar da Inna tana gyaran rumbu, gero ya kusa yanka.

"Inna, ki haɗa kayanki, Isa za mu."

"Saboda guntun takarda, ɗan nan?"

Kwana uku muna ja kafin ta hau mota. Babu wanda ya taɓa kirana, wataƙila ma mai tsiren ya ci namansa ya jefar da takardar a kwata. Amma Inna ba ta sake kwana a ɗakinta ba, kuma duk damina sai ta tambaye ni wa ke noma gonarta.