Dutse Na Sha Huɗu

A sashenmu na ilimin duwatsu kowa Baba Dutse yake kiransa, har matarsa idan ta zo nemansa da wannan sunan take tambaya. Shekara talatin da biyu ya yi a ɗakin gwaji na ƙasan bene, inda injin yankan dutse yake kuka tun safe. Mahaifinsa mai fasa dutse ne. Shi kuma da shara ya fara a sashen, yana leƙen masu aiki har hannunsa ya faɗa. Aikinsa ya yanki dutse, ya yi ta goga shi har ya koma kamar ɓawon albasa, haske ya ratsa shi, sannan a duba a madubin ƙara girma. Gugar ta cinye zanen yatsunsa, shi ya sa na'urar dangwale ta ofis ba ta taɓa gane shi ba. Matarsa kuwa ta gaji da ɗinkin aljihu, don duk tsakuwar da ta burge shi a hanya sai ta kwana a gidansu.

Ba shi da digiri ko ɗaya. Amma na sha ganin Farfesa, shugaban sashenmu, ya sauko da dutse a hannu kamar mai wucewa, ya ce, "Baba, wannan fa?" Baba ya lasa, ya karce da wuƙa, ya faɗi sunansa. Da yamma sai ka ji sunan a aji, kamar daga kan Farfesa ya fito.

Jarrabawar da 'yan digiri na biyu suka fi tsoro ita ce ta tire. Duwatsu ashirin da biyar ake jerawa a kan babban tire, kowanne da lambarsa da jan fenti, minti biyu a kan kowanne, maki huɗu-huɗu. A gefe akwai wuƙa da 'yar kwalbar asid. Baba ne yake jera su.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wajen kwashe kaya za a yi fenti, na sha huɗu ya ɓata, wani farin dutsen yashi. Saura kwana ɗaya jarrabawa. Farfesa ya ce a sa wani fari.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda nake da shi dutsen farar ƙasa ne. Kama kawai suka yi. Wannan in ya sha asid kumfa yake, wancan ko gezau."

"Sa shi haka, Baba, za a gyara takardar amsa."

Ba a gyara ba. Duk shekara sai Baba ya tuna masa, sau biyu ma a rubuce, ana ce masa ya bari a wuce wannan zangon. Su kuwa ɗalibai, tun da tiren ba ya canzawa, jerin amsoshi suke miƙa wa na bayansu kamar gado. Ni ma da shi na shiga. Na ɗiga asid a kan na sha huɗu, na ga kumfa da idona, na rubuta dutsen yashi. Na fi kowa maki a shekararmu, aka riƙe ni koyarwa.

Bara sai ga Anti Rijiya. Haka ɗalibai suka sa mata, saboda ta yi shekara goma sha biyar tana nuna wa masu haƙar burtsatse inda za su kafa inji. Uwar 'ya'ya huɗu ce, daga wurin aiki take zuwa aji da laka a takalmi, ana tashi ta tafi, don haka jerin nan bai taɓa zuwa hannunta ba. Zaman farko ta rasa shi tana jinyar mahaifiyarta, aka lissafa mata faɗuwa. Doka ta ce sau biyu ake zama, wanda ya faɗi na biyu ya kwashe kayansa. Lissafi da sunayen turawan da suka mutu suna ba ta wahala, amma dutse ba ya ɓoye mata kansa.

Ni na duba takardun. A na sha huɗu ta rubuta: dutsen farar ƙasa, ya yi kumfa, wuƙa ta karce shi. Na bi takardar amsa na ja mata jan layi. Ta tashi da arba'in da takwas, ana neman hamsin.

Ranar da kwamiti ya zauna tabbatar da sakamako, muna tsakiyar shayi aka turo ƙofa. Baba ne da rigar aikinsa mai ƙura. Bai taɓa shiga ɗakin nan ba sai in kujera za a ɗauka. Ya ajiye dutsen a kan tebur tsakanin kofuna, ya ɗiga asid. Nan take kumfa ta taso, har muna jin ƙararta.

"Ranku ya daɗe, ga na sha huɗu. Matar nan ba ta yi kuskure ba."

Manyan malamai tara, kowanne ya rubuta littafi a kan dutse, suka zuba wa kumfa ido kamar ba su taɓa gani ba. Ɗaya ya ce in aka taɓa wannan sai an buɗe sakamakon shekara goma sha ɗaya. Wani ya ce me jami'a za ta ce da mu? Ba wanda ya tambayi abin da za a ce da matar.

Farfesa ya cire tabarau. "Wa ya ba ka izinin shigowa? Wa kuma ya ba ka izinin canza kayan jarrabawa?"

"Kai, ranka ya daɗe."

"Da wace shaida?" Sai ya juyo gare ni. "Dakta, kai ka duba takardun, kai ma ka zauna wannan jarrabawar. Ka taɓa ganin matsala a na sha huɗu?"

Baba ya dube ni. Takardar tabbatar da ni a aiki tana kan teburin Farfesa tun watan jiya, tana jiran sa hannu. Na ce, "Abin da ke takardar amsa na bi."

Har yau idan na tuna muryata a lokacin, ji nake kamar in shaƙe kaina. Haushin Farfesa nake ji, ina jin haushin sauran takwas ɗin, amma nawa ya fi ci na.

Arba'in da takwas ta zauna daram. Baba ya sami takardar tuhuma, aka ce ya ajiye aiki saura wata shida lokacinsa ya cika. A sati guda aka samo farin dutsen yashi na gaske, abin da ya gagara shekara goma sha ɗaya.

Ina ɗakin gwaji ranar da Anti ta zo ɗaukar gudumarta ta fasa dutse. Ba ta ko kalle ni ba.

"Baba, ni dai faɗa mini gaskiya. Idona ne ya gaza?"

"Idonki lafiya lau, 'yata. Koma ki ba mutane ruwa."

Ranar tafiyarsa ya hau bene ya same ni a ofis. Ya ciro dutsen daga aljihu ya ajiye mini, jan fentin yana nan.

"Dakta, riƙe wannan. Ka san sunansa tun kana ɗalibi. Ina tsaye a bayanka ranar da ka ɗiga masa asid."

Ya ja ƙofa a hankali ya fita. Dutsen yana nan a kan teburina, daidai ƙarƙashin takardar yabon da aka ba ni ta wanda ya fi kowa maki.