Tashar da Ba a Ba Shi Ba

Ni direba ne, ba alƙalin wasa ba. Sai dai na daɗe ina kai 'ya'yan Turawan kamfaninmu filin besbol duk Asabar, ina tsaye a bakin shingen waya, har dokokin suka zauna mini a ka. Da alƙalinsu ya koma ƙasarsu, ni aka miƙa wa abin rufe fuska. Ta nan ɗana ya shiga ƙungiyar yaran, yaron da aka haifa a unguwar Badi'a, can ƙasar Larabawa, Larabci ya fi masa Hausa sauƙi.

Wasan ba wuya: a jefo maka ƙwallo, ka buge ta da sanda, ka bi tasha uku, ka dawo inda ka tashi, maki ɗaya ke nan; in an taɓa ka da ƙwallon tsakanin tasha da tasha, ka fita. Ɗana bai taɓa zagayowa ba, kuma ba shi da wani buri sai wannan.

Sai kafilina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, ya ce ba zai sabunta mana iƙama ba, wato takardar zama. Na roƙa har na gaji. Wasan nan shi ne na ƙarshe kafin mu tattara mu koma gida.

Ranar ɗana ya buga mai kyau, ya kai tasha ta biyu, ta farko babu kowa. Mai jifa ya yi jifa huɗu a karkace, na ba mai sandan da ya biyo bayansa tasha ta farko kyauta, haka dokar take. To kyautar nan tasa ce shi kaɗai. Na gaba ba ya samun kome sai idan an zo karɓe masa wuri, kuma babu mai neman wurin ɗana. Amma ɗan banzan nan ya ɗauka har da shi. Ya nufi ta uku a hankali, yana gyara hula, yana yi mini murmushi. Wallahi haushi ya kama ni, tausayi ya fi, ga shi alƙali ba ya buɗe baki.

Aka jefa ƙwallo, aka taɓa shi da ita. Idon iyaye duk a kaina. Na ɗaga hannu na fitar da shi.

A mota ya ce, "Baba, me ya sa? Ai kyauta ce."

Na ce, "Ba kai aka ba ba."

Da muka wuce unguwar Malaz, sai ya tambaye ni ko ana besbol a garinmu Funtuwa.

Na ce ba a yi. Ya cusa safar hannunsa ta besbol ƙarƙashin kujera. Motar ta kamfani ce, a ciki muka bar ta.