Tunkiyar Inna da Malam-buɗe-littafi

Jama'a, yau saura ƙiris ɗana ya zama shehi!

Surukata, Inna, ta biyo ta gidanmu daga Tsibiri da tunkiyar da za ta kai kasuwa. Na zaunar da Abba, ɗan wata bakwai, gindin zogale, na je ɗora tukunya. Sai na ji salati!

Na fito a guje. Malam-buɗe-littafi ne, farare da masu ruwan ɗorawa, sun kewaye shi, suna buɗe fiffike suna rufewa.

Inna har da hawaye. "Kin gani, ɗiyata? Littafi suke buɗe mishi! Babban malami za a yi. Na fasa saida tunkiyar nan, na ba shi!"

Ni ko na ga ƙasa a jiƙe. Fitsari ya yi, shi suke sha! Na haɗiye maganar, na ce, "Allah ya saka, Inna."

Ban rufe baki ba tunkiya ta saki nata fitsarin. Wallahi duk suka tashi suka koma can!

Inna ta dubi tunkiya, ta dubi Abba, ta kwance igiya. "To, malama, wuce mu tafi kasuwa, kar ilimi ya yi ma gidan nan yawa."