Mushe Ilu bai sauka daga jirgin ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗaure akuya aka kira ni: Mushe Ilu ya rasu.

Mushe muke ce wa malamin boko. Shi ya koya mini karatu a lakwal, makarantar boko ta Dungas. Shan inna ya kama shi tun yana yaro, a keken guragu muka san shi. In wani malami ya kore ni don ba ni da alli, sai ya karya nasa biyu ya miƙo mini. Bai taɓa faɗa wa Baba ba.

Ƙauyensu, in damina ta yi nisa, tabki ke zagaye shi, sai da jirgin kwale-kwale ake shiga. Bara yayarsa Iya Hajo ta kwanta ciwo, ya ce in kai shi ya duba ta. Na samo amalanke, na samo mai jirgi, har ina yabon kaina. Ban tuna da wurin sauka ba.

Muka isa. Gaɓa a tsaye, laka har gwiwa, sama kuma rairayi. Maza duk suna gona. Na duƙa na ce, "Mushe, hau bayana."

Ya dubi matan da ke wanki a bakin ruwa, ya ce, "Haba Sule. Tun ina yaro ake ɗauka ta kamar buhun gero. Na gaji."

Sai Iya Hajo aka riƙo ta gangaro, mara lafiya ta zo gaida mai dubiya. Suka gaisa, shi a jirgi, ita a tudu. Rufin ɗakin da aka haife shi a ciki, Mushe yana hango shi daga nan.

A hanyar komawa na ce da rani zan tara samari mu jera buhunan ƙasa, mu yi wa kekensa hanya. Ya ce, "Allah ya kai mu."

Rani ya zo ya wuce. Ban jera ko ɗaya ba. Wallahi ba ni da hujja, kullum gobe nake cewa.

Ɗazu muka haye da gawarsa. Maza sun cika gaɓar, kowa na miƙo kafaɗa. Yau ya hau tudun a kafaɗun mutane, ba wanda ya tambaye shi.

Na gaji, jama'a, zuciyata ba daɗi.

Allah ya jiƙan Mushe, ya yalwata masa kabari, ya ba Iya Hajo haƙuri. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini gafara.