Takardar da Na Yi wa Rabi

Ni ban taɓa kora shanun kowa ba, ban taɓa fasa shago ba. Da biro na yi tawa satar. Sunana kuwa ku bar shi, waɗanda na cuta sun san shi.

An haife ni a wani ƙauye da ke kan iyakar Mayahi da Tasawa. Na yi lakol, wato boko, har aji uku na kwalej, lissafi ya ƙi ni, aka koro ni. Abin da na dawo da shi gida rubutu ne mai kyau, kuma na san yana da kyau, shi ya sa kaina ya kumbura. Duk wasiƙar da za ta bar garin ni ke rubuta ta. Tsofaffi har Malam suke ce mini, alhali ko akuya ban taɓa koya wa baƙi ba.

Da aka raba ƙasa ƙananan hukumomi da ake kira kwamin, kowace da merinta, wato ofishin magajin gari, sai ƙauyenmu ya faɗa a tsaka. Haraji muna kai shi kwamin ta yamma, ɓangaren Mayahi. Kasuwarmu da likita da lakol ɗin yara kuwa suna kwamin ta gabas, ɓangaren Tasawa. Ka tambayi mutum goma ina merinmu take, biyar su nuna gabas, biyar su nuna yamma. Maigari ya tsufa, idonsa ya yi rauni, sai ya ɗora mini aikin kai sunayen jarirai merin yamma. A can ake shigar da suna cikin babban littafi, a ba yaro lamba, ni kuma in karɓo takardar haihuwa. Iyaye su ba ni na isansi, wato kuɗin man babur.

Shekara guda na yi aikin tsakani da Allah. Wata damina ruwa ya yanke hanya, wani magidanci kuma ya matsa mini lamba kan takardar ɗansa, kullum yana ƙofar gidana. Ina da fararen takardun meri guda shida da na taɓa zarowa daga kan tebur, ba don komai ba sai ɗan hali. Na cika ɗaya, na ƙirƙiro lamba, na sassaƙa hatimi a jikin tsohon silifas. Na ce wa kaina da ruwa ya janye zan kai sunan. Mutumin ya karɓa da hannu biyu yana sa mini albarka. Ruwa ya janye, ban je ba.

Daga nan ido ya buɗe. Na lura ofisoshin nan biyu ba mai leƙa littafin wani. Takardar da za a kai lakol a gabas sai in buga mata hatimin yamma. Wadda za ta yamma in buga mata na gabas. Na samu inda ake kwafo mini fararen takardu, na koyi sa hannun mutum huɗu. Ran kasuwar Gidan Amumune har layi ake yi mini a gindin itacen bedi. Na daina zuwa meri gaba ɗaya, amma kullum da safe sai in tada babur in fita, a ga ƙurar Malam.

Ana cikin haka yayata Hajo ta haihu. Ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu, ita ta sayar da tunkiyarta aka sa ni kwalej. Ran suna ta miƙo mini jaririyar ta ce, “Wagga taka ce. Ka yi mata takardar da ba a taɓa yi ma kowa ba.”

Wallahi na yi niyyar yi wa Rabi ta gaskiya. Har ƙofar meri na kai, na kafe babur, na zauna a kansa. Shekara uku ba sunan jariri ko ɗaya daga ƙauyenmu a littafinsu. In na shiga da suna ɗaya, sakatare zai tambaye ni ko matanmu sun daina haihuwa ne. Tsoro ya kama ni, na juya. A ɗakina na yi mata, na ɓata takarda uku kafin rubutun ya yi mini. Yaya Hajo ta naɗe ta a leda ta sa a ƙasan akwati.

Rabi ta taso da ƙwaƙwalwa. Ta wuce firamare, ta ci birbe, jarrabawar gama kwalej, takardata na biye da ita, ba wanda ya taɓa ɗaga ido. Burinta ta zama ungozoma ta likita. Da za ta shiga jarrabawar makarantar ungozoma, aka ce dole ta kawo sabon kwafi daga merin da ta rubuta ta.

“Kawu, ka kai ni mana, kai ka san su,” in ji ta.

Na ce babur ya lalace. Kwana uku ina da damar in zaunar da ita in faɗa mata, ban yi ba. Ina kallo ta hau kabu-kabu, tana riƙe da ledar a ƙirji.

A yamma aka buɗe littafin shekarar, aka ga lambarta ta wani yaro namiji ce. Suka ce ta gwada gabas, ko kuskure ne. A gabas ba ta, ba ko mai kama da ita. Jandarmomi suka riƙe ta yini guda, suna zaton ita ta haɗa takardar. An ce ba ta faɗi sunana ba sai da suka ce za su kamo uwarta. Washegari suka zo, suka tarar da hatimaina cikin gwangwanin madara.

Shekara huɗu na yi a gidan kaso. Ba zan cika ku da labarin ƙwarƙwata da wake mai tsakuwa ba, na ci abin da na shuka ne. A can na koma ga salla, na roƙi Allah gafara, ina kan roƙo. Ina ciki na ji alƙali ya zo ƙauyenmu, an yi wa yaran da na cuta takardu na gaskiya. Na yi murna, na ɗauka ɓarnar ta ɗinke.

Da aka sake ni, gidan Yaya Hajo na fara zuwa. Na same ta tana sussuka, ta rame, ban ga Rabi ba. Na durƙusa. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ta ce jarrabawa ta wuce, kuma duk gidan da na cuta, a kan ita da Rabi ya huce. Ran da alƙali ya zo Rabi ta ƙi fita, ta ce ba ta sake tsayawa gaban tebur a tambaye ta ko ita wace ce. Daga baya ta bi wasu mata zuwa Aljeriya neman aikatau. Sau biyu ta kira, sannan shiru, ga shi an shiga shekara ta uku.

“Na tahi wurin masu cigiyar waɗanda suka ɓata a hanyar arewa,” in ji Yaya. “Sun amshi hotonta, suka ce in akwai takardar haihuwa in kawo, ta hi saurin bincike. Na koma yamma, na koma gabas. Kowa ya ce bai san da ita ba. Ni da na haihe ta, ba ni da abin nunawa.”

Ku matasa, musamman ku da kuka yi lakol kuka koma cikin waɗanda ba su yi ba, da ku nake. Wanda ya miƙo muku takarda ya ce ku duba masa, ransa ya miƙo muku. Kada ku ce gobe za ku gyara, ni ma haka na ce. In kun yi ta farko, ku je ku tona kanku tun tana ɗaya, ko za a ɗaure ku. Iyaye kuma ku taka da ƙafarku ku je meri, ku ga an rubuta sunan ɗanku a littafi da idonku.

Yanzu noma nake yi wa mutane, ba mai ba ni ko wasiƙa in karanta, kuma sun yi daidai. Alƙali ya yanke mini shekara huɗu, na gama. Ran nan da zan bar gidan Yaya Hajo na ce, “Yaya, ki yafe mini.” Ta ci gaba da sussukarta, ta ce, “Nawa na yahe tuni. Nata kuwa, sai ka jira ta dawo ka tambaye ta.”