Inna Mai Karanta Shara

Inna ta shekara talatin da huɗu tana share gidan wasan kakana, amma ba ta taɓa zama a kujera ta kalli wasa ba. Na san haka ne a makon farko da na fara aiki a wurin, bayan na dawo daga karatun shekara shida a wata ƙasa mai nisa, inda aka koya mini yadda ake tambayar jama'a ra'ayinsu a rubuce.

Ba innar kowa ba ce a cikinmu. Sunan ne ya bi ta, har masu kawo lemo da masu gyaran wuta da shi suke kiranta. Mijinta ne ya fara aiki a gidan, shi ke jan labule. Da ya rasu, Kaka ya miƙa mata tsintsiya ya ce ta riƙe kafin ta samu abin yi. Ba ta sake aure ba, 'ya'ya biyun da ta haifa kuma ba su rayu ba. Tana zaune a wani ɗan ɗaki bayan dandamali, inda a da ake ajiye fitilu. Gado ne da risho da akwati ɗaya, sai ƙusa uku a bango: ɗaya ta mayafi, ɗaya ta tsintsiya, ta ukun kuma ta tsohuwar safar hannun da mijinta ke sawa don kada igiyar labule ta ci masa tafi. Dokar Kaka ce ma'aikaci ba ya zama cikin 'yan kallo. Saboda haka duk wasan da aka yi a gidan, ta bayan bango ta ji shi, tana zaune a bakin gado tana jiran a tashi.

Lokacin da na dawo, Kaka ya shekara goma sha ɗaya da rasuwa, gidan yana hannun Kawu, ƙanin mahaifiyata. Mutane sun ɗauke ƙafa. Wani ɗan kasuwa yana ta zarya, yana son a ba shi hayar wurin ya mai da shi sito na buhunan siminti. Kawu ya ce zai gwada sau ɗaya tak kafin ya haƙura: zai farfaɗo da Matar Mai Gyaran Agogo, wasan nan mai waƙe-waƙe da ya shekara biyu yana cika gidan a zamanin Kaka. Za a nuna shi sau uku da la'asar. In jama'a sun karɓa, ya ɗauki mawaƙan aikin wata shida. In ba su karɓa ba, ya miƙa makulli.

"Ke da kika karanto ilmin tambaya," in ji shi, "sai ki tambayo mini su. Mu ga amfanin bokon."

Kowa ya san in aka miƙa makulli, ɗakin Inna ma ya tafi. Ɗan ƙaninta da ke wani gari ya daɗe yana bugo waya yana cewa ta koma wurinsu.

Na tsara takarda mai tambaya biyar. Ranar farko na tsaya a ƙofa da kwalin biro, duk wanda ya fito na yi masa murmushi na miƙa. Wani dattijo ya rubuta "Kamar jiya", ya ja layi biyu a ƙasa. Wata mata ta cika gurbin amsa da addu'a. Wani saurayi ya yi wa ko'ina alamar yabo ba tare da ya karanta ba, sannan ya tambaye ni ko biron kyauta ne. A kan matakala kuwa hira ta ɓarke.

"Wannan ai shekara zai yi ana kallo," in ji wani tela, yana gyara hula.

"Kai da ka yi barci tun kafin a ɗaura auren?" in ji matarsa.

"Rufe ido na yi, don waƙar ta shiga."

"Har da minshari ta shiga?"

Wani malamin makaranta ya ce in aka rage kuɗin tikiti 'yan makaranta za su cika gidan. Abokinsa ya ce yaran yanzu ba sa iya zaman awa uku ko da kuɗi za a ba su, amma shi kam ya ji daɗi, ya tuna marigayiyar matarsa. Na tattara takarduna ina jin aiki ya yi kyau.

Jakata na manta a ciki, na koma ɗauka. Na tarar da Inna a tsakiyar kujeru, tsintsiya a hammata, ba shara take ba. Tana bin layi a duƙe, ta ɗaga kwalbar lemo ta duba ta a hasken fitila, ta ajiye, ta wuce ta gaba.

"Inna, wani abu ya ɓace ne?"

"'Yar takarda, ke ce? Ba abin da ya ɓace. Shi ne ma abin."

Na zauna a hannun kujera. Sai da ta gama layin ta yi mini bayani, ba don tana so ba, don dai na ƙi tashi. Ta ce in wasa ya kama mutum, yakan buɗe lemo ya kurɓa sau ɗaya ya manta da shi a ƙarƙashin kujera. A zamanin Kaka, bokiti biyu take cikawa da ragowar lemo kowace rana. Ta ɗauko wata ledar alawa ta nuna mini. An murɗe ta kamar igiya, an ƙulla ta sau biyu.

"Hannu ne ya rasa abin yi. Wadda aka yar a dunƙule, mai ita bai ma san ya sha alawar ba. Wannan kuwa da saninsa. Duba waccan, yayyaga ta aka yi ƙanana-ƙanana. Wannan mutum ya sha wahala."

Ta nuna mini gaban kujeru. Ta ce inda aka bi kiɗa da ƙafa, ƙura takan goge, wurin ya yi haske kamar an shafa mai. Yau ƙurar tana nan kwance. Sannan mantuwa: a da, bayan kowane wasa sai ta tara huluna da mayafai da laima, wata rana har takalmin jariri ƙafa ɗaya.

"Mutum in hankalinsa yana jikinsa, ba ya manta komai. Yau ko hankici ban tsinta ba."

Ta ce kullum Kaka yakan tsaya a ƙofar can, hannu a baya, ya ce, "Inna, me ƙasa ta ce?" Da amsarta yake ƙara wa wasa kwana ko ya sauke shi. Tun da ya rasu ba wanda ya sake tambaya. Ita dai ba ta daina dubawa ba.

"To yau me ta ce?"

"Ba ke ce mai tambayar ba."

Na nuna mata takarduna, na ce kusan kowa ya yaba. Ta dube su daga nesa, ba ta karɓa ba.

"Jikar mai gida ta tsaya a ƙofa tana murmushi, ta ba ka biro. Wa zai kunyata ki? Kuma ba ƙarya suka yi ba. Sun so wasan, wancan na da, lokacin da gwiwarsu ba ta ciwo. Shi suka rubuta miki."

Rana ta biyu na taya ta kwashe kwalabe. Kiret huɗu, duk wayam, sai guda uku da aka rage wani abu a ciki. Muna cikin haka wayarta ta yi ƙara, ɗan ƙanin nata ne. Ta amsa da "to" da "madalla" da "a gaishe su", ta kashe.

"Sun fente ɗakin," in ji ta. "Yana kusa da kicin, wai don kada na riƙa yin nisa. Mutanen kirki ne. Ban san kowa a garin ba sai su. Can kuma ba abin da zan share sai inda na kwana."

Na ce, "Inna, ba wanda ya tambaye ki. Ba sai kin ce komai ba. Wata shida ma wani abu ne."

Ta ce, "Haka ne." Ta ci gaba da shara.

Bayan wasa na uku na kai wa Kawu sakamako: cikin takarda ɗari biyu, ɗari da tamanin da bakwai yabo ne. Ya karanta a tsaye, yana dariya shi kaɗai. Ya ce gobe shugaban mawaƙa zai zo a sa hannu. Muka fito tare, hanyarmu ta bi ta ƙofar zauren. Inna tana ciki, a layi na shida, da kwalba a hannu. Kawu yana cikin nishaɗi. Ya tsaya, ya mai da hannu baya, ya kwaikwayi muryar mahaifinsa.

"Inna, me ƙasa ta ce?"

Wasa yake yi, har ya ɗaga ƙafa zai wuce. Inna ta miƙe a hankali, ta dafa bayan kujera. Ta dube ni, ta dube shi. Murmushi ya bar fuskarsa.

"Ta ce a'a, Manaja."

"Kamar yaya a'a?"

"Waɗanda suka zo sun zo gaisuwa ne. Sun gaisa. Ba za su dawo ba, ba kuma za su ce wa wani ya zo ba. Sati biyu za ka yi, na uku kai da mawaƙa za ku riƙa kallon juna."

Kawu ya ɗaga takarduna. "Mutum ɗari da tamanin da bakwai, Inna. Da hannunsu."

"Ni ban iya karatu ba. Abin da suka bar mini na gani."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? In na rufe gidan nan, ina za ki?"

"Na sani. Ai ɗakin nawa ne." Ta ajiye kwalbar a kiret. "Mahaifinka bai taɓa tambayata na faɗa masa abin da ban gani ba. Da ba ka tambaya ba, da na yi shiru. Na so ƙwarai da ba ka tambaya ba."

Ya juyo gare ni. Na ce abin da ke takarda shi mutane suka rubuta, kwalaben kuma ni na taya kwashewa. Ya shiga tsakanin kujeru, ya duƙa, ya ɗauko leda ɗaya da aka murɗe. Ya jujjuya ta. Ina jin ya tuna, don yana yaro ya sha ganin Kaka yana yin haka. Ya sa ta a aljihu ya fita.

Kwana biyu bai zo ofis ba. A na uku ya ce za a yi wasa ɗaya na ban kwana ranar Asabar, Litinin ɗan kasuwa ya karɓi makulli. Ya miƙo mini tikiti, layi na biyar, tsakiya.

"Ki ba ta. Ki ce dokar Baba ta ƙare."

Ranar Asabar Inna ta fito da zanen da ban taɓa gani a jikinta ba, yana ƙanshin akwati. Ta shigo ta ƙofar 'yan kallo, ta miƙa tikiti aka yaga, mai yagawar yana ta tsokanarta wai yau manyan baƙi ne a gari. Na saya mata lemo da alawa. Ta zauna a bakin kujera, jakarta a cinya, kamar mai jiran a kira ta wurin likita. Da labule ya fara buɗewa ba ta dubi dandamali ba. Gefe ta duba, inda igiya take.

A can baya na zauna, ina hango ƙeyarta. Ba ta juyo ba ko sau ɗaya.

Da aka tashi, jama'a suka watse suna cewa an yi asara, wasa irin wannan a ce an rufe. Telan nan ma ya dawo, yana cewa da an ƙara haƙuri da ya yi kasuwa. Inna ba ta tashi ba sai da zauren ya zama ba kowa. Na je na zauna kusa da ita.

"Yaya, Inna?"

"Ashe agogon nan na kwali ne," in ji ta. "Shekara da shekaru ina jin bugunsa ta bango, na zaci na ƙarfe ne, babba, mai sheƙi. Matar ma na zaci ta fi haka tsawo."

Ta sunkuya ta jawo kwalbarta daga ƙarƙashin kujera, ta ɗaga ta a haske. Ba ko ɗigo. Ta buɗe tafin hannunta: ledar alawar tana ciki, a murɗe, da ƙulli biyu. Ta yi 'yar dariya.

"Kin gani? Ban ma san na yi ba. To, hankalina ya kwanta. Tun ranar nake tunani ko idona ne ya tsufa, na raba bayin Allah da aikinsu a banza."

Ta je ɗaki ta sauya zane, ta dawo da tsintsiya. Na ce ta bari, siminti za a zuba a wurin. Ta ce ba a ba mutum wuri da datti. Ta share layi ashirin da biyu, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga kwalbar kowa ba.

Lahadi da safe ɗan ƙaninta ya zo da mota. Akwatin da rishon da gadon suka shiga baya, har da sauran wuri. Kawu ya riƙe mata ƙofar mota, ya kasa haɗa ido da ita. Ta ce masa ya riƙa shan maganinsa.

Litinin na shiga ɗakin don in cire ƙwan fitila kafin ɗan kasuwa ya iso. Ƙusa biyu ba komai. A ta ukun, safar hannun tana rataye.

Na buga mata waya. Ina jin ƙarar tukwane da muryoyin da ban sani ba a bayanta.

"Inna, kin manta safar mijinki."



"Ashe," in ji ta.

"In aiko miki?"

"Ki aiko, 'yar takarda. Ba gaggawa." Sannan ta ce, "Sun fara shigo da buhunan?"

Na ce tukuna. Ta ce to, in sun zo in ce musu su kula da matakala ta uku, tana rawa.